Fadamun Kudancin Iraƙi da Ƙishirwar Ɓauna

Masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya leƙa kudancin Iraƙi, inda kogunan Dajla da Furat ke malala su zama fadama, tsakanin Basra da Nasiriyya da Amara. Larabawa na ce wa wurin Ahwar, mazaunansa kuma Ma'adan.

Dukiyar mutanen nan uku ce: kara, kifi, ɓauna. Da karan ruwa suke gina mudif, wato zauren baƙi na shehin ƙabila. Sai a ɗaure kara dami-dami, a kafa, a lanƙwaso kawunan su haɗu a sama, a rufe da tabarmi, ko ƙusa ɗaya babu. A nan ake shan gahawa, a sasanta rigima, a sauke baƙo. An ga siffar irin wannan gini a sassaƙen Sumeriyawa, mutanen da suka zauna a yankin tun zamanin da, na shekara kusan 5,000 da suka wuce. Zirga-zirga kuwa sai a mashhuf, siririn kwale-kwale da ake shafe da kwalta, ana tura shi da gora. Ɓaunar tasu ba irin ta dajinmu mai faɗa ba ce, ta gida ce, tana wuni cikin ruwa, da yamma ta komo a tatse ta. Daga madararta ake yin gaimar, abin karin kumallon da 'yan Bagadaza ke ji da shi. A cikin fadamar kuma ga karen ruwa, ga kwasa-kwasa da zalɓe, ga tsuntsaye masu ƙaura.

Bayan boren da aka yi wa gwamnatin Saddam Husaini a 1991, gwamnatin ta haƙa magudanai ta janye ruwan, don 'yan tawaye sun fake a ciki. Kafin 2001, kusan kashi 90 cikin ɗari na fadamun ya ƙafe. A 2003 mutanen da kansu suka fasa shingayen, ruwa ya dawo, kara ya tofo, har UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2016.

To amma matsalar yau ta fi wancan wuya, a ganina. Wancan karon shingen na kusa, ana iya kai masa gatari. Yanzu ruwan a can sama ake tare shi, a madatsun Turkiyya irin su Ataturk da Ilisu, da kuma na Iran, ga fari a kai a kai. Ɗan abin da ke isowa gishiri ya yi masa yawa, ɓauna ta sha ta rame ko ta mutu. Shi ya sa a Cibayish, wani gari da ke cikin fadamun, makiyaya ke sayen ruwan da za su shayar da ita, wasu kuma sun sayar da garken sun tafi neman leburanci a birni.