Ruwa Ya Ƙi Tafiya, Kifi Ya Ragu: Labarin Fadamun Haɗeja da Nguru

Masu kallonmu, barkanku da wannan lokaci. Ku ɗan tsaya mu dubi wannan taswira tare. Ga kogin Kano, ga kogin Challawa, sun haɗu sun zama kogin Haɗeja. Ga kuma kogin Jama'are ya gangaro daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi. Da zarar waɗannan koguna sun bar ƙasa mai duwatsu sun shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi a gabashin Jigawa da yammacin Yobe, sai gudunsu ya ragu, su rarrabu rassa-rassa, ruwa ya bazu tsakanin tuddai. Nan ne fadamun Haɗeja da Nguru. Can kusa da Gashuwa rassan suke sake haɗuwa su zama kogin Yobe, wanda ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Difa har ya faɗa Tafkin Chadi.

To ga abin mamaki. A wasu garuruwan da ke gefen tafkin Nguru, ruwa yana kwance a bakin gari rani da damina, amma masunta na kukan kamun kifi ya lalace. Yaya za a yi ruwa ya yi yawa, kifi ya ragu?

Amsar tana cikin yadda kifin fadama yake rayuwa. Tarwaɗa da kurungu da kawara da 'yan uwansu ba su yin ƙwai a kowane lokaci. Jira suke yi sabon ruwa ya taso. Idan kogi ya cika a tsakiyar damina ya fara malala, sai manyan kifaye su biyo shi, su bar kwarin kogi su shiga filin da 'yan makonni kaɗan da suka wuce shanu ke kiwo a kansa. Busasshiyar ciyawa da kashin dabbobi su jiƙa su ruɓe, ƙananan halittun ruwa su tsiro birjik. Ga abinci, ga maɓoya cikin ciyawa, ga ruwa mai ɗumi marar zurfi inda manyan kifaye masu cin na ƙasa da su ba sa iya walawa. Bargi har sheƙa yake ginawa da ciyawa, ya tsaya gadin 'ya'yansa. Cikin wata uku zuwa huɗu 'ya'yan kifi sun yi ƙwari. Da kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai su biyo shi su koma kogi da tafkuna masu zurfi, kuma a wannan komawar ce masunci yake samun rabonsa na shekara. Gaiwa kuwa ba ta komawa ko'ina: ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi ta numfashi a hankali har wata daminar.

Ke nan abu biyu ake buƙata, ruwa ya zo kuma ruwa ya tafi. Bushewar rani ita ce ke dafa abincin da malalar damina za ta raba.

Masana sun auna wannan. Tun a shekarun 1970 wani masanin kifi da ya yi aiki da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Robin Welcomme, ya tattara bayanan kogunan Afirka masu fadama, ya nuna cewa yawan kifin da ake kamawa yana bin faɗin filin da ruwa ya rufe, ba ma na shekarar kaɗai ba, har da na shekara ɗaya ko biyu da suka gabata. Idan malala ta yi ƙaranci bana, baɗi ne koma za ta faɗa maka. A fadamun Haɗeja, shirin kiyaye fadamun da aka kafa a 1987, wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, suke cikin waɗanda suka riƙe shi, ya riƙa auna faɗin ruwa daga jirgin sama, yana haɗawa da ma'aunin kogi a wurare irin su Wudil da Haɗeja da Gashuwa. Abin da aka gani ba daɗi. A shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A farin 1984 bai kai 300 ba.

Fari yana da nasa laifi, babu musu. Amma ba shi kaɗai ba ne. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, zamanin gwamna Audu Bako, sannan a 1992 aka kammala ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kada a fahimce ni ba daidai ba: waɗannan madatsu sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, mutane da yawa na cin abinci ta dalilinsu. Sai dai sun juya wa kogin Haɗeja lokacinsa. Ruwan damina da ya kamata ya zo da ƙarfi ya wanke hanyoyi ya bazu cikin fadama, an tare shi. Da rani kuma, lokacin da kogi ya saba bushewa ƙarƙaf, sai ana ta sako ruwa kaɗan-kaɗan domin gonaki.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ɗan ruwan da ba ya yankewa shi ne ya buɗe wa kacalla ƙofa. Ciyawa ce mai tsawo, takan wuce tsayin mutum nesa ba kusa ba, saiwarta na yaɗo ta ƙarƙashin laka, kuma babu abin da take so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Da can rani yana kashe ta. Yanzu babu mai kashe ta. Tana rage gudun ruwa, laka ta taru a gindinta, hanya ta cike, ita kuma ta ƙara samun wurin tsiro. A haka tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana suka toshe, mafi yawan ruwan ya karkata ta hanyar Marma zuwa tafkin Nguru. Sai ga shi gefe guda gonaki da makiyaya sun nutse shekara da shekaru, ɗaya gefen kuma manoma na kallon sama babu ruwan da za su yi shinkafa.

Cikin kacalla kwalekwale ba ya ratsawa, ragar kalli ba ta shimfiɗuwa, ragar birgi ba ta jefuwa. Inuwa ta yi yawa, ruɓaɓɓen ganye ya shanye iskar da ke cikin ruwa, kifin da ke buƙatar fili ya gudu. Su wa suka ji daɗi? Sauro, da dodon-koɗi mai ɗauke da tsutsar tsargiya, da tsuntsun jan-baki, wanda yake kwana a ciki ya wayi gari a gonar shinkafa da gero.

Tsuntsayen ruwa ma shaida ne. Duk shekara idan sanyi ya kama Turai da arewacin Asiya, agwagin daji da wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sukan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, kuma waɗannan fadamu na cikin ruwan farko da suke tararwa. Nan suke haɗuwa da na gida, su dinya da kirinjijiya da zalɓe. A watan Janairu masu ƙidaya kan fita da na'urar hangen nesa suna lissafa su tafki-tafki, kuma shekarar da ruwa ya bazu sosai ita ce shekarar da adadi ke hawa. Darajar wurin ce ta kawo Yarima Philip na Ingila tafkin tsuntsaye na Dagona da ke Yobe a 1989, ita ce kuma ta sa a 2000 tafkin Nguru da hanyar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kafin Dagona da fadamar Baturiya ta Jigawa su biyo a 2008. Amma suna a takarda ba ya sako ruwa daga madatsa.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na kuɗi. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa abin da fadamar ke bayarwa ta noma da su da itacen wuta kawai, suka kwatanta da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa. Idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ya sha, fadama ta fi riba ninkin-ba-ninki. Kuma ba a saka kiwon Fulani ba, ba a saka kaba da goruba da kanwa ba, ba a saka ruwan da ke tsumewa ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa ba. Arzikin talaka ne da ba ya shiga littafin gwamnati, shi ya sa ake yi masa kallon ruwan da ya ɓata a banza.

Mu ma masu cin kifin muna da hannu. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan da ba su kai ga haihuwa ba. Dumba, wato jera tarkon kifi da ake kira gurar Mali a tare hanya gaba ɗaya, tana tsare kifi daidai lokacin da yake komawa kogi. Masu zuba guba kuwa babu abin da suke bari. A da sarkin ruwa ne ke rufe tafki ya kuma buɗe shi, irin tsarin da har yau ake gani a bikin su na Bade a Gogaram.

Magani sananne ne. Kacalla idan aka yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, iska ba ta kai wa saiwa sai ta mutu. Jama'a sun sha yin gayya suna buɗe hanyoyi haka, gwamnati ma ta kawo injuna. Amma muddin ruwan rani bai daina gangarowa ba, za ta dawo. Dole a sauya yadda ake sarrafa Tiga da Challawa, a sako ruwa mai yawa da damina, a bar kogi ya huta da rani. An gwada irin wannan a Kamaru: bayan madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Logone, an sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, ciyawar kiwo da kifi da tsuntsaye suka fara dawowa. A nan gida, jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, sun zauna a Damaturu a 2006 suka kafa asusun kula da wannan kogi.

Saura Jama'are. Shi ne babban kogin da har yanzu ba a datse ba, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa da Geidam da Difa nasa ne. An daɗe ana batun gina madatsar Kafin Zaki a kansa, a fara a tsaya. Manoman Bauchi na da haƙƙin neman ci-gaba. Ni dai ra'ayina, kafin a ɗora ko buhun siminti guda, a zauna da masuntan Bade da makiyaya da manoman Yobe da na Difa, a rubuta a fili nawa za a sako musu, kuma a wane wata.