Yadda ake ajiye jirgin ruwa a tudu idan hunturun ƙasashen ƙanƙara ya gabato

Lacca ce da aka gabatar wa ɗalibai masu koyon gyaran jiragen ruwa, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune nan gaba, da ku ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma. An ce mini wasunku na da niyyar neman aiki a yadin jirage a Turai ko Kanada. To wanda ya sauka can cikin watan Oktoba, aikin da za a fara ɗora masa ke nan, shi ya sa na zaɓe shi.

Jirgin da nake nufi shi ne madaidaicin nan na yawon shaƙatawa, mai gado da madafa da makewayi a cikinsa, jikinsa galibi na faiba. A manyan tafkunan nan 5 da ke yankin iyakar Amurka da Kanada, da gaɓar tekun Baltik ta Suwidin da Finlan, yawancin irinsa ba sa yin hunturu a ruwa, don ruwan kansa daskarewa yake yi. A 1979 ƙanƙara ta rufe kusan kashi 95 cikin 100 na fuskar tafkunan. Ko manyan jiragen dakon kaya, rufe musu mashigin Soo, ƙofar da jirage ke bi tsakanin tafkin Superior da sauran tafkunan, ake yi galibi daga 15 ga Janairu zuwa 25 ga Maris, balle ɗan jirgin mita 10.

Fito da shi ba wuya. Wata ƙugiya ce mai tayoyi take zura ɗamara biyu ƙarƙashinsa ta ɗaga, a wanke gindinsa nan take da ruwa mai ƙarfi tun gansakuka ba ta bushe ba. Wurin sauke shi ne nake so ku buɗe kunne. Nauyin jirgi a kan ƙashin bayansa yake zama, wato dogon gindin nan mai nauyi, shi ake ɗorawa kan manyan katakai. Jak-jak ɗin da kuke gani a gefe tokare ne kawai, don kada ya karkata. Wanda ya ɗaure jak har ta ɗauki nauyi, faiba za ta loɓa. A sa falanki ƙarƙashin kowace, saboda ƙasa na yin laushi in ƙanƙara ta narke, a kuma haɗa ta dama da ta hagu da sarƙa ta ƙarƙashin jirgin. A ɗan ɗaga goshinsa, a cire matoshin ƙasa in yana da shi, ruwa ya samu hanyar fita. Ƙyallen iska kuwa a sauke shi gaba ɗaya. In aka bar shi naɗe a sama, guguwa ta warware shi da dare, sai jirgi ya faɗa kan maƙwabcinsa, maƙwabcin ya faɗa kan na gaba.

Yanzu ga zuciyar maganar. Galibin ɓarnar da hunturu ke yi wa jirgi, ruwan da aka bari a cikinsa ne ke yin ta. Ruwa in ya daskare girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Duk wanda ya taɓa mance kwalbar lemo a firiza ya ga aikin da idonsa. Abin da ya fasa kwalba, shi ke tsaga ƙarfen inji. Jirgin da ke tudu ma ya fi saurin daskarewa a kan na cikin ruwa, domin ruwa na riƙe ɗumi, shi kuwa iska ta kewaye shi ta ko'ina.

Saboda haka bin ruwa za ku yi lungu-lungu. Inji na zuƙo ruwan tafki don ya huce. Sai a cire tiyon da ke zuƙowar, a tsoma a bokitin maganin daskarewa, a tayar da inji, a tsaya a baya ana kallon salansa har abin da ke fitowa ya koma ruwan hoda sak. Maganin kala biyu ne, kada ku haɗa su. Akwai ethylene glycol na lagireton mota, guba ne, ga shi da zaƙi, kare ko kyanwa in ta lasa mutuwa ce. Akwai propylene glycol, mai ruwan hodar nan, shi ake zubawa a famfunan wanka da makewayi bayan an zazzage tankin ruwan sha. A juye baƙin mai tun a kaka, don tsohon mai na ɗauke da tsami mai cin ƙarfe. A cika tankin dizal, a bar ɗan sarari, don kada bangonsa ya yi gumi ruwa ya sauka cikin man. Batir kuma a cika masa caji a cire wayoyinsa. Cikakken batir na jure sanyin da ya haura digiri 50 ƙasa da sifili, macacce kuwa ruwansa ya kusa zama ruwa zalla, sanyi kaɗan ya isa ya fasa gidansa.

Sai bayan duk wannan ake zancen ledar rufe jirgi. Na jinkirta ta da gangan, don masu jirage sun fi ɗokinta, ita ido ke gani. Leda ce mai tsukewa in ta ji zafi, kaurinta bai kai kashi 1 cikin 5 na milimita ba. Ana kafa sanduna a tsakiyar jirgi, a ja igiya mai faɗi daga goshi zuwa baya ta zama kamar tsaiko mai gangara, a naɗe duk wani tsini da tsumma, a yafa ledar, a ɗaure bakinta da ɗamara. Sannan a bi ta da bindigar wuta mai aiki da gas, daga ƙasa zuwa sama, hannu na tafiya ba tsayawa. Za ku ga ta yamutse, can sai ta miƙe ta ɗame, in ka buga ta da yatsa ta amsa. Gangarar ita ce amfanin aikin, dusar ƙanƙara ta zame ta faɗi. In rufin ya kwanta, jiƙaƙƙiyar dusa ta taru ta karya sanduna.

Wuta ce fa a hannunku kusa da tankin mai. A liƙe ƙofar numfashin tankin kafin a kunna, a buɗe bayan an gama, abin kashe gobara na kusa, kuma ba a yin aikin ranar iska.

Abin da ke ci mini rai shi ne ganin jirgi an liƙe shi ruf ba kafar iska. Rana ta daki leda, ciki ya ɗumama, dare ya yi raɓa ta sauka, haka har wata 5 ko 6. Ranar buɗewa wari ne zai tare ka, katifu da labule duk fumfuna ta yi musu baƙi. A yanka tagogin iska gaba da baya da gefe, a buɗe durowoyi da firji, a kai katifu gida. Jirgin da aka yi wa fenti, kada leda ta manne a jikinsa, danshi na kumbura fentin. Kada kuma a ɗaura igiyar rufi a jikin jak, iska za ta fizge ta. Ni dai wanda zai daɗe da jirginsa tamfal ɗinkakke nake ba shi shawara. Yana numfashi, yana shekaru, leda kuwa duk bazara sai an yanke ta, in ba a kai ta wurin masu narkarwa ba ta tafi juji.

Na ga hannu a baya. Bismillah, ɗan'uwa.

Yana tambaya, jirgin katako fa? Madalla. Nasa ciwon bushewa ce. Katako in ya bushe sai ya tsuke, haɗin falankai ya buɗe, kuma masu kwale-kwale a Yawuri sun san wannan sarai. Don haka ba a ajiye shi a ɗaki mai ɗumi ko inda busasshiyar iska ke ratsawa. An fi so a ɗora shi bisa ƙasa maimakon daɓen siminti, a rufe shi da tamfal. Ranar mayar da shi ruwa kuma a bar shi rataye a ɗamarar ƙugiya, famfo na kwashe abin da ya shiga, har katakon ya sha ruwa ya kumbura ya toshe kansa.