Idan ka kwafi huji, awonsa na binsa kuwa?

Wannan daga rikodin ne na laccar da wani malamin injiniya ya yi wa ɗalibai a nan Bauchi ranar Asabar, na cire gaishe-gaishe da wurin da janareto ya hana a ji magana.

Toh jama'a, wa ya taɓa zuwa kai amarya? Tana tafiya da gadonta da kwanukanta, amma maƙwabta ba sa binta, a tsohuwar unguwa ake barinsu. Ku riƙe wannan, dan kusan duk laccar yau kenan.

A ce kana zana faletin ƙarfe na injin markaɗe a SolidWorks, manhajar zanen injiniya a kwamfuta, ka huda huji mai faɗin milimita 12, ka ce ya zauna milimita 20 daga gefe. Awo biyu kenan amma ba jinsi ɗaya ba ne. 12 ɗin nan na hujin ne, kayan ɗakinsa ne. 20 ɗin kuwa tsakaninsa da gefe ne, wato maƙwabci. Yanzu ka danne Ctrl ka jawo hujin zuwa wata fuskar, 12 zai bi shi lafiya lau, amma 20 fa? gefen da aka auna daga shi yana can baya, shi ya sa manhajar take tsayar da kai ta tambaye ka Delete ko Dangle, wato in goge awon ko in barshi yana reto. Kuma na san halinku, ba kwa karantawa, duk wanda hannu ya kai shi kuke dannawa. In ka goge, hujin ya zama ba shi da mazauni, ɗan ja kaɗan ya gusa. In ka barshi yana reto, lambar tana nan ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, tana cewa 20 amma 20 daga ina? sai ka kamo ta ka ɗaura a sabon gefe da hannunka.

Sannan sabon hujin da aka kwafa ya zama mai cin gashin kansa. Ka mayar da na farko 14, na biyu yana nan a 12 abinsa. In kana so su riƙa tafiya tare pattern za ka yi, a can na farko shi ne uwa sauran suna binsa, ko ka haɗa awon biyu da lissafi ɗaya.

Manhajar zane ta AutoCAD kuma wani labari ne. Tun 1982 yake, kuma asalinsa allon zane ne, layi ne ke gaba awo na binsa yana faɗin abin da ya gani, saɓanin SolidWorks na 1995 da awo ke ba layi umarni. Daga AutoCAD 2002 aka kawo wani saiti mai suna DIMASSOC, in yana kan 2 awo na manne da layinsa, 1 ba ya manne, 0 kuwa a wargaje yake fitowa, kibiya daban lamba daban. Kwafi layi da awonsa tare, sabon awo zai kama sabon layi.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne awon da aka rubuta da hannu. Ni kaina na taɓa yi ina sabon shiga, na goge alamar <> ɗin nan da ke riƙe da ainihin tsawon na rubuta 150 dan ina sauri, daga baya na kwafi zanen na ƙara tsawo, lamba ko gezau. Mai walda shi takarda ya sani, ya yanke ƙarfe takwas a 150, muka zo ɗaurawa noti ya ƙi haduwa da huji, wallahi daga aljihuna na biya kuma bai yi laifin komai ba.

(Wani ɗalibi ya yi tambaya, ba a ji sosai.)

Eh ɗana, awon da ya saki layinsa a AutoCAD ana gyarawa. Rubuta DIMREASSOCIATE, zai bi awon ɗaya bayan ɗaya yana tambayarka inda zai kama. Ka kunna ANNOMONITOR ma, duk wanda ya saki layinsa za ka ga alamar motsin rai ruwan ɗorawa a jikinsa. Na rubutun hannu ne kawai ba zai tona maka ba, shi sai ka buɗe Properties ka duba Text override ka share abin da ke ciki.