Fodkas daga Damagaram: rijiya ko bishiya, me za mu yi wa mamatanmu?

Auta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Damagaram, yau ma ina tare da Malam da Hajiya. Malam, an yi wa tsohonmu sadakar arba'in, an soya masa, an dama gumba, mutane sun watse, sai na ji zuciyata ba ta kwanta ba, ina son abin da ladarsa za ta riƙa iske shi kullum.

Malam: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma kafin komai Auta, akwai bashi a kansa?

Auta: Akwai ɗan ragowa wurin wani mai hatsi a kasuwar Dole.

Malam: To daga nan za ka fara, don Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya. Bayan nan sai hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim, mutum in ya mutu aikinsa ya yanke sai uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Kuma da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi, ya ce ruwa, sai Sa'adu ya gina mata rijiya.

Hajiya: Ai ruwa kam babu wanda zai gaya wa ɗan Damagaram darajarsa, garin da ke zaune bisa dutse, sai an jawo mana daga su Gogo Machaya da Arunguza, watan bazara ka ga yara da bido tun asuba suna bin ƴan ga-ruwa. Amma Malam bari in faɗi abin da ya same mu. Da innarmu ta rasu muka haɗa kuɗi mu shida muka yi foraj, wato rijiyar burtsatse, mai panno na hasken rana a ƙauyensu, aka sa shato, wato tankin ruwa na sama, aka rubuta sunanta da fenti kore, wallahi ranar na yi kukan farin ciki. Shekara 2 pompi ya ƙone, babu wanda muka ɗora wa kula, ba asusun gyara, da na je bara na iske awaki kwance a inuwar shaton, mata sun koma tsohuwar rijiya da guga, sunan inna na nan raɗau amma ko ɗigo babu.

Malam: Subhanallah. Sadakatul jariya da ake faɗa fa, ma'anarta sadaka mai gudana. Shi ya sa da Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibar aka ce masa ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfanin, wannan shi ne waƙafi. Da kun ware ko kashi ɗaya cikin biyar kun sayi shago, hayarsa ta riƙa gyaran pompi, da yanzu ana sha.

Auta: Ni fa Malam ƙarfina bai kai foraj ba.

Hajiya: Kai ɗana, wa ya ce sai foraj? Ka ja robine zuwa makarantar allo ta unguwarku ka riƙa biyan kuɗin ruwan duk wata, ko ka dasa bishiyar bedi, wato dogon yaro, guda 10 a bakin maƙabarta, amma ka killace su da ƙaya ka sa yaro ban ruwa har su wuce bakin akuya.

Auta: Robinen ya fi kwanta mini, gobe zan fara zuwa wurin mai hatsin. Ke kuma Hajiya, pompin inna fa?

Hajiya: Na kira ƴan'uwana, ran Juma'a za mu zauna a gidan yaya.