Cin Rani a Amurka: Takardar Neman Aikin Zango ga Mai Motar Tafi-da-Gidanka

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mu uku ne: ni da Yaya kamar kullum, sai Kawunmu da muka daɗe muna yi wa naci ya zo ya zauna da mu. Kawu, sannunku da zuwa, ya hanya?

Kawu: Hanya alhamdu lillahi, Auta. Sannunku da ƙoƙari.

Auta: Ga wanda bai sani ba, Kawu ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota a nan Amurka. Da ya ajiye, shi da Hajiya suka sayi motar tafi-da-gidanka, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, suka riƙa zuwa aiki a zangunan da masu hutu ke sauka. Shi ma Yaya ya sayi tasa, yana son ya gwada, har ya rubuto takardar neman aiki.

Yaya: Ga ta nan, Kawu, shafi uku. Na sa digirina, na sa shekarun da na yi a banki a Kano, na sa aikin sito da nake yi yanzu.

Kawu: Miƙo in gani. To, kafin mu shiga cikinta, bari masu sauraro su gane aikin tukuna. Mu a gida mun san cin rani. Mutum ya gama girbi, ya ƙulle kayansa ya tafi birni ko kurmi, damina ta kawo jiki ya koma gona. Wannan ɗin ma cin rani ne. A arewacin ƙasar nan kasuwar zango tana ci daga Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu, ranar tunawa da sojojin da suka mutu, zuwa Litinin ɗin farko ta Satumba, ranar ma'aikata. Sanyi na shigowa sai ka ga motocin sun gangara kudu, Arizona da Teksas da Fulorida. Su suna ce masa workamping. Har mujalla gare su, Workamper News, tun 1987 take buga tallan irin waɗannan ayyuka.

Auta: Su wa ke ɗaukar mutane, Kawu? Gwamnati?

Kawu: Da gwamnati da 'yan kasuwa. Hukumar gandayen shaƙatawa ta ƙasa da hukumar dazuzzuka da sashen injiniyoyin soja duk suna neman mai kula da zango, amma yawanci aikin sa-kai ne: a ba ka wurin ajiye mota kyauta, babu albashi. Ana ganin su a shafin Volunteer.gov. Sai kamfanonin da ke riƙe da kwangila a cikin gandayen, kamar Xanterra a Yellowstone, su albashi suke biya. Sai kuma na 'yan kasuwa, babbansu KOA, wanda ya fara a Billings ta jihar Montana a 1962, yanzu yana da zango sama da 500. Ban da ƙanana na miji da mata, waɗanda ba su ƙirguwa.

Yaya: To ina matsalar takardata?

Kawu: Matsalarta ɗaya ce babba. Na karanta shafin farko har ƙasa, ban ga ranar da za ka iso ba, ban ga ranar da za ka tafi ba. Kai, manajan zango abin da ke hana shi barci ke nan. Ba ya tsoron ka kasa aikin, aikin ana koyar da shi a mako guda. Tsoronsa ka tsere masa a tsakiyar Yuli, lokacin da kowane gurbin ajiye mota ya cika da baƙi, ga shi babu inda zai samo wani mai mota ya maye gurbinka, don kowa ya riga ya kama aiki.

Auta: Kun taɓa ganin haka ta faru?

Kawu: A kanmu ma ta faru. Wani zango da muka yi aiki a arewa, mu huɗu ne a kan shara da banɗakuna, mu da wasu miji da mata. Wata safiya muka tashi muka ga gurbinsu wayam, sun naɗe tiyo sun tafi cikin dare. Sauran makonnin nan ni da Hajiya muka ɗauki aikin mutum huɗu. Tun daga nan na gane abin da ya sa ake tambayar kwanan wata kafin a tambayi komai. Saboda haka layinka na farko bayan suna da lambar waya, rubuta: zan iso ranar kaza ga Mayu, zan zauna har ranar kaza ga Satumba. In kana da biki ko tafiya gida a tsakani, faɗa tun yanzu. In ka iya zuwa da wuri a buɗe zango da kai, ko ka tsaya a rufe da kai, rubuta, wannan kaɗai yana iya sa a tsallake mutum goma a kira ka.

Yaya: Na gane. Sai me?

Kawu: Sai motar. Ko kalma ɗaya ba ka faɗa a kanta ba, alhali ita ce gidanka, kuma a filinsa za ta zauna wata huɗu. Yana son ya san irinta: mai injin kanta ce ko wadda ake ja? Tsawonta ƙafa nawa? Wutar amfiya 30 take sha ko 50? Tana da ɓangaren da ke buɗewa ta gefe? Ƙirar wace shekara ce? Gurbin da ya ware wa ma'aikata ba ya miƙewa, in ƙafa 30 ne, mai ƙafa 40 ba ta shiga. Wasu zangunan 'yan kasuwa kuma suna da dokar shekara 10, motar da ta wuce haka sai sun ga hotonta kafin su yarda.

Yaya: Tawa ta haura goma, Kawu.

Kawu: To wanke ta tas, ka ɗauke ta hoto da rana, ka manna a takardar. Tsohuwar mota mai tsabta ta fi sabuwar da aka jibge wa tarkace a gefe. Kada ka rage mata shekaru, ranar da ka shigo da ita ƙofa za a gani.

Auta: Dakata Kawu, hoto? A makaranta an ja mana kunne cewa a Amurka ba a sa hoto a takardar neman aiki, saboda gudun wariya.

Kawu: Gaskiya aka faɗa miki, a aikin ofis haka ne. A nan al'adar ta sha bamban: mutane suna sa hoton mota, da nasu, har da na kare in suna da shi, don maƙwabtaka za a yi, ba aiki kaɗai ba. Hoton mota dai ban yarda a bar shi ba. Na fuska kuwa zaɓinka ne, ba dole ba ne. Mu mun sa namu, Hajiya da mayafinta, don na fi son wanda zai kira mu ya san su wa yake kira. Wanda hoton ya hana shi kira, ni dai ban yi asarar zama wata huɗu a filinsa ba.

Yaya: To digirin fa? In cire?

Kawu: Bar shi, amma layi ɗaya, can ƙasa. Aikin bankin nan da ka ba shafi guda, me ka yi a can da hannunka?

Yaya: Na zauna a kanta, ina karɓar kuɗi, ina daidaita lissafi da yamma, ina sauraron masu ƙorafi.

Kawu: Ka ga wannan shi ne aikin ofishin zango sak. Baƙo ya iso da dare a gajiye, yara na kuka, ya tarar gurbin da ya kama bai yi masa ba. Wanda ya iya kwantar da ran mutumin da kuɗinsa suka maƙale a banki, zai iya da wannan. Rubuta haka: shekara kaza ina riƙe kuɗi da rufe lissafi, na saba da kwamfuta. In ka taɓa amfani da manhajar kama gurbi irin Campspot ka ambata, in ba ka taɓa ba kada ka ce ka taɓa. Aikin sito kuma faɗi abin da kake ɗagawa da injin da kake tuƙawa. Ka iya yankan ciyawa da inji? Ka iya gyaran famfo, fenti, canza soket? Kana da shaidar taimakon gaggawa ta Red Cross? Waɗannan su ne kayan kasuwar. Hajiya aikin kula da tsofaffi ta yi, muka rubuta tsabta da haƙuri da tashin asuba, kuma ita aka fi yabawa duk inda muka je.

Auta: Ku biyu takarda ɗaya kuka yi?

Kawu: Ɗaya, da sunayenmu biyu, kowa da sashensa. Muka kuma rubuta muna son hutunmu ya zo rana ɗaya, don motar fita ɗaya gare mu. Akwai wani abin da nake so kai Yaya ka tsaya ka yi wa kanka gaskiya a kai: banɗaki. Kusan duk zango sai an wanke shi, wani lokaci sau biyu a rana. In za ka iya, rubuta ɓaro-ɓaro cewa za ka iya, manaja zai ji daɗi. In ba za ka iya ba, nemi ofis ko kanti kawai. Kada ka ce komai ma zan yi, ka zo kana ɓata rai.

Yaya: Zan iya, wannan ba ya damuna. Abin da ke damuna Juma'a ce. Ni ina ganin in rubuta a saman takardar cewa ba na aiki ranar Juma'a da rana, kowa ya sani.

Kawu: A nan ban bi ka ba. Juma'a da yamma ita ce lokacin da baƙi suka fi tururuwa, in ya ga wannan layin tsirara babu bayani, zai ɗauka ranar gaba ɗaya kake gudu. Bari sai kun yi magana ta waya, ka ce awa kaza nake buƙata, zan rama da Asabar ko Lahadi, kuma kafin ka karɓi aikin za ka faɗa, ba bayan ka iso ba. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 zuwa sama ya yi sassauci a kan addini matuƙar ba zai cutu ba, amma ƙananan zanguna da yawa ba su kai wannan adadi ba, fahimtar juna ce za ta yi aiki. Kuma buɗe taswira ka duba nisan masallaci tukuna, wani wurin tafiyar awa biyu ce. Haka kantin zango, wasu suna sayar da giya, tambaya kafin ka ce kana son kanti.

Yaya: Ni dai har yanzu na fi son ya kasance a rubuce.

Kawu: Zai kasance a rubuce, a cikin yarjejeniya. Wannan ita ce takarda ta biyu, kuma kada ka tayar da mota sai tana hannunka. Awa nawa za ka yi aiki a mako a madadin kuɗin hayar gurbinka? Abin da ya haura ana biya? Wuta da gas a kan wa? Yi lissafi da kanka. A ce gurbin ana hayarsa dala 600 a wata, aka ce ka yi awa 20 a mako, awa 80 ke nan a wata, kowace awa ta tashi dala 7 da rabi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne tun 2009, jihohi da yawa nasu ya fi haka. In aka ce awa 30 a kan gurbin nan, ka san da sake. Ka kuma tambaya a matsayin ma'aikaci za a rubuta ka, mai takardar haraji ta W-2, ko ɗan kwangila mai 1099, don harajin ba ɗaya ba ne.

Auta: Adireshi fa, Kawu? Mutumin da gidansa ke kan taya, me zai rubuta?

Kawu: Masu zama a mota dindindin da yawa suna rajista a Dakota ta Kudu ko Teksas ko Fulorida, jihohin da ba su karɓar harajin albashi, su ɗauki adireshin kamfanin da ke tura musu wasiƙu. Ƙungiyar Escapees da ke Livingston a Teksas tana yin wannan. Shi Yaya yana da adireshinsa, ya sa shi. Abin da ya fi muhimmanci waya da imel da yake dubawa kullum, da mutum biyu ko uku da suka taɓa sa shi aiki, waɗanda za su ɗauki waya in an kira.

Auta: Akwai masu sauraronmu a Kano da Maraɗi da Kumasi da na san za su rubuto su ce ta yaya za su samu.

Kawu: Ina roƙonsu su saurare ni da kyau. Wannan aiki na wanda yake da izinin aiki a Amurka ne. Duk mai biyan albashi sai ya sa ka cika fom ɗin I-9 na tabbatar da izinin aiki, ka nuna takardunka. Bizar ziyara ba ta halatta aiki. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka aikin zango ta bizar ziyara, riƙe kuɗinka.

Yaya: To yaushe zan tura, Kawu?

Kawu: Na lokacin zafi tun kaka ake fara cike su, wurare masu kyau kafin sabuwar shekara sun tafi. Mayar da ita shafi ɗaya, in ta matsa biyu, ka tura wa kowane zango da 'yar wasiƙa da ta ambaci sunansa da aikin da ya tallata. Motar tana waje?

Yaya: Tana bayan gida.

Kawu: Ɗauko tef mu auna ta daga gaba har baya, tun rana ba ta faɗi ba. Auta, ke za ki ɗauki hoton.

Auta: To masu sauraro, a nan za mu tsaya. Mako mai zuwa Yaya zai karanta mana sabuwar takardar. Mun gode Kawu, a gaishe da Hajiya.

Kawu: Za ta ji. Allah ya yi muku albarka.