Kuɗin sauyin yanayi: tallafi ne ko bashi?

Duk wanda ya san garin Gombe ya san yadda zaizayar ƙasa ke cin unguwanni, kwari ya haɗiye gida da hanya a damina ɗaya. A Zaki da Gamawa ta jihar Bauchi kuwa, in ba ambaliya ba, to kwararowar hamada. Gyaran wannan ɓarna kuɗi yake ci, kuma a kan wa zai biya ne ƙasashen duniya suka daɗe suna kai ruwa rana.

Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin ɗari kawai take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Shi ya sa a 2009, a taron sauyin yanayi na duniya a Kofanhegan, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin haɗa wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020. Da wa'adin ya cika, lissafin OECD, ƙungiyar da galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ya nuna biliyan 83.3 aka samu. Sai a 2022 aka haura, da biliyan 115.9.

Jinkirin ma da sauƙi. Abin da ya fi ɓata amana shi ne yadda ake ƙirga kuɗin. Kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ya fito daga gwamnatoci da bankunan raya ƙasa rance ne. In aka ranta wa ƙasa dala miliyan 100, duka ake rubutawa a matsayin gudummawa, alhali za ta biya har da ruwa. Da ƙungiyar agaji ta Oxfam ta tace lissafin 2022, ta ce ainihin taimakon bai wuce biliyan 28 zuwa 35 ba.

Misalin yana ƙofar gidanmu. Shirin ACReSAL, mai aikin daƙile zaizaya da farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja, dala miliyan 700 ne daga Bankin Duniya. Aiki ne mai amfani, ruwansa kaɗan, wa'adinsa mai tsawo. Amma bashi ne, kuma da kuɗin waje ake biya. Duk faɗuwar naira ƙarin nauyi ce.

A taron sauyin yanayi na Baku a 2024, ƙasashe masu tasowa sun nemi dala tiriliyan 1.3 a shekara. Aka tsaya a kan biliyan 300 zuwa 2035, har da jarin 'yan kasuwa a ciki. Wakilan Najeriya da Indiya suka ƙi amincewa a bainar taro. Asusun biyan asarar bala'o'in yanayi kuwa, alkawuran da aka yi masa a Dubai a 2023 ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba, wato daidai da rancen ACReSAL ɗaya, ga duniya baki ɗaya. A Janairun 2025 kuma Shugaba Trump ya sa hannu kan fitar da Amurka daga yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi.

Su ma masu bayarwa suna da ƙorafi. Suna so Sin da ƙasashen Larabawa masu man fetur su sa hannu a aljihu, suna kuma tambayar inda kuɗi ya shiga. Tambayar tana da tushe. Dashen da ba a ware masa kuɗin ban ruwa da shinge ba, rani da awaki ne ke gamawa da shi. Magudanar da aka gina ba a rage ƙarfin ruwa a ƙarshenta ba, sabon kwari take haƙawa a unguwar gaba. Saboda haka in aka kafa allon aiki a unguwarku, ku tambayi kansila ko ofishin shirin: tallafi ne ko rance, kuma wa aka ɗora wa yashe magudanar bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa?