Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Ranar Gabatar da Binciken Ɗaliban Tattalin Arziki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau, Shugaban Jami'a, shugabannin tsangayoyi, abokan aikina malamai, iyaye, da ku ɗalibai da aka taru dominku. A madadin Sashen Nazarin Tattalin Arziki, ina yi wa mai girma Minista barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san irin aikin da ka ajiye ka amsa gayyatarmu, Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, jerin kundayen da ke gabanka ƙila ya ba ka mamaki. Sashen da aka sani da lissafin hauhawar farashi da kuɗin ruwa, sai ga ɗalibansa suna rubutu a kan ƙwallon ƙafa, da neman aiki, da tarihi, da shirye-shiryen gwamnati. Akwai iyayen da ke zargin mun bar 'ya'yansu suna kallon ƙwallo da sunan karatu. Ka yi mini izini in ba su amsa a gabanka.

Babbar wahalar fanninmu ita ce rarrabe abin da ya jawo wani abu da abin da kawai ya zo tare da shi. Ba mu da ɗakin gwaji irin na masu kimiyyar sinadarai, dole mu nemi inda duniya ta shirya mana gwajin da kanta. Filin wasa na ɗaya daga cikin wuraren nan: dokoki sanannu ne, kowa na son nasara da gaske, kuma komai a rubuce yake. Tun 1956 Simon Rottenberg ya yi nazarin kasuwar ɗaukar 'yan wasa a Amurka. A 2003 kuma Ignacio Palacios-Huerta ya bi diddigin bugun fenariti 1,417 don ya gwada wata ƙa'idar lissafi da John von Neumann ya kafa a 1928. Ƙa'idar ta ce mai bugu da ya cika zaɓar ɓangare ɗaya, mai tsaron gida zai gane shi, don haka sai ya riƙa cakuɗawa har damar cin ƙwallo ta zama kusan ɗaya ko ta ina ya buga. Ya tarar ƙwararrun 'yan wasa haka suke yi, alhali ba a aji suka koya ba. Sannan a 2020 annobar korona ta sa aka buga wasanni babu 'yan kallo. Masu bincike suka ga fifikon da mai masaukin baƙi ke samu ya ragu, alƙalan wasa kuma sun rage yawan katin da suke ba baƙi. Ashe ihun jama'a na karkata hukunci. Ɗalibin da ya iya auna wannan ya riƙe makamin da zai auna matsin lamba a kan kowane mai yanke hukunci, a fili ne ko a ofis.

Batun aikin yi ya fi kusa da teburinka. A watan Afrilun 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. David Card da Alan Krueger suka kwatanta gidajen abinci 410 a ɓangarorin biyu, kafin ƙarin da bayansa. Littattafan koyarwa na lokacin sun ce za a kori ma'aikata, su kuwa ba su ga an rage aiki ba. Ba a bar su haka ba: David Neumark da William Wascher sun ƙalubalance su da wasu alƙaluman, aka yi ta muhawara shekara da shekaru, har yau ma ba a rufe babin ba. Card ya samu lambar yabo ta Nobel a 2021. Mu abin da muke ɗora wa ɗalibi daga wannan labari shi ne dabarar: kafin ka ce doka ta yi aiki, nemo mini wanda dokar ba ta shafa ba mu gwada su. Ni a wurina ɗalibin da ya dawo ya ce alƙalumansa ba su nuna abin da ya yi tsammani ba ya fi burge ni a kan wanda ya lanƙwasa su suka bi ra'ayinsa.

Masu nazarin tarihi a cikin ɗalibanmu ma suna da magabata. Robert Fogel da Douglass North sun samu Nobel a 1993 saboda shigar da awo cikin nazarin tarihi, Claudia Goldin ta samu a 2023 bayan ta tono tarihin aikin mata a Amurka na sama da shekara 200. Nathan Nunn a 2008 ya nuna ƙasashen Afirka da aka fi kwashe wa mutane a cinikin bayi suna cikin waɗanda suka fi talauci a yau. Aiki ne na haƙuri da ƙurar tsofaffin takardu, shi ya sa masu ɗaukarsa ba su da yawa.

Ranka ya daɗe, ba a tarbar babba a ɓoye masa buƙata, mu ma muna da guda biyu.

Ta farko bayanai. Ma'aikatu na tara rijistar ma'aikata, da ta makarantu, da ta masu karɓar tallafi, amma ɗalibi kan kai takardar neman izini ya yi ta sintiri har lokacin miƙa kundinsa ya wuce. Muna roƙon a samar da hanya sananniya da za a riƙa ba masu bincike waɗannan alƙaluma bayan an cire sunaye da duk abin da zai tona asirin mutum.

Ta biyu ta fi nauyi. Duk shirin da gwamnati za ta ƙaddamar, a yi tunanin yadda za a auna shi tun kafin a fara. Meziko ta yi haka da shirin Progresa da ta soma a 1997, mai ba iyaye matalauta kuɗi bisa sharaɗin yaransu su je makaranta da asibiti. Kuɗin ba su isa kowa a lokaci ɗaya ba, sai aka ware ƙauyuka 506, aka yi ƙuri'a, 320 suka fara samu, 186 suka jira. Babu wanda aka hana, amma jiran ya ba da damar kwatantawa, hujjar da ta fito kuma ta taimaki shirin ya tsira bayan an canja gwamnati. A Kenya ma, Edward Miguel da Michael Kremer sun bi irin wannan tsari suka nuna cewa raba maganin tsutsar ciki a makarantu ya rage fashin ɗalibai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In ma'aikatarka za ta fitar da shiri kashi-kashi, malamanmu da ɗalibanmu a shirye suke su yi aikin awon.

Yanzu ɗaliban za su fito ɗaya bayan ɗaya. Muna roƙonka kada ka sassauta musu: ka tambaye su ina suka samo alƙalumansu, da wa suka kwatanta, kuma me zai sa su janye maganarsu. Bayan nan za mu gayyace ka ka yi mana jawabi, ka kuma miƙa kyaututtuka.

Barka da zuwa, ranka ya daɗe. Allah ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.